Ranar da Na Rufa wa Kwarin Kwamba Asiri

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: ni ne wawan labarin nan. Ba a yaudare ni ba, ba a yi mini sammu ba. Da hankalina da furfurata na tafka abin da na tafka, har aka tafa mini aka ba ni takardar yabo. Tana nan a shago, na kife ta a bayan kabad. Amma ku samarin da kuke zama a bencina kuna shan inuwa kyauta, kuna cewa hoto ai danna waya ne kawai, sai kun fara jin mece ce sana'ar tukuna, sannan in ba ku izinin yi mini dariya.

Sunana Ɗanjuma, a unguwarmu Kwamba ta Suleja kuwa Ɗanjuma Mai Hoto. Boko a aji huɗu na tsaya, ba korata aka yi ba, malamin ne ya ce shi ya gaji. Daga nan mahaifina ya kama hannuna ya kai ni shagon wani Bayarabe, Baba Lamidi, mai ɗaukar hoto a kusa da tasha. Lokacin ana tsaka da ginin Abuja. Suleja ta cika maƙil da leburori da birkiloli da kafintoci, kowa ya baro garinsu, kowa kuma yana so a can gida a san ya samu wuri.

Shekara guda cur ban taɓa kyamara ba. Aikina shara, ɗebo ruwa, da wanke fulawar roba. A shekara ta biyu aka bar ni in shiga ɗakin wanki. Ɗaki ne ba taga, sai jan ƙwan fitila ɗaya da tasoshi uku na magani a jere. Ka tsoma farar takarda a ta farko, sai ka ga fuskar mutum tana tasowa a hankali kamar mai fitowa daga ƙarƙashin ruwa. Ka yi jinkirin ɗauke ta, mutum ya koma gawayi. Ka yi gaggawa, ya fito kamar fatalwa. Wata rana na yi atishawa na buɗe ƙofa don in sha iska, haske ya shiga, na ƙone hotunan wani suna gaba ɗaya, har da ragon. Baba Lamidi bai dake ni ba. Tura ni ya yi in je in yi wa mai jego bayani da kaina. Da ya dake ni da ya fi sauƙi.

Akwai wani birkila da ba na mantawa. Ya zo ranar Lahadi da singileti, siminti ya faffasa masa hannu kamar ƙasar fadama da rani. Hoto yake so ya aika gidan surukai. Baba Lamidi ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗauko kwat ɗin shago ya saka masa, ya ɗaura masa agogon da ya shekara bai motsa ba. Ya zaunar da shi a gaban labulenmu mai zanen gidan sama da jirgi yana wucewa ta kansa. Ya ɗora masa rediyo a cinya, rediyon da babu komai a cikinsa sai gidan gizo-gizo, ya tura hannuwan nan a bayan rediyon. Da hoton ya fito, birkila ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan ni ne?" Baba Lamidi ya ce, "Kai ne, in Allah ya yarda." Bayan wata uku ya dawo da amarya a ɗauke su tare.

Ranar ce Baba Lamidi ya ba ni karatun da na riƙe shekara arba'in. Da Hausarsa mai yawan mayar da namiji mace ya ce, "Ɗanjuma, ki saurara. Kyamara ba ta da kunya. Ke ce za ki yi mata kunya." Wato sana'armu rufin asiri ce. Gajeren ango, ka ɗora shi a kan bulo ka kare bulon da fulawa. Mai ido ɗaya, ka zaunar da shi a kaikaice ka ce haka manya suke yi. Mai giɓi, ka ce masa murmushi na yara ne. Abin da ya gagari labule da fulawa kuma, sai fensir. Ka fiƙe shi da reza ya yi tsini kamar allura, ka ɗora nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, a kan gilashi, ka bi ƙuraje da tamoji ɗaya bayan ɗaya kana ɗigawa har su ɓace. Fuska ɗaya takan ci mini rabin wuni. Na taɓa rage wa wata Hajiya shekara goma sha biyar, mijinta ya zo karɓa ya ce ba wannan ya kawo ba, amma a bar masa.

Na buɗe shagona a Kwamba, na ci zamanina. Sai shekarar da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa. Sallah ta zo, na wanke labule na goge, na jera kujeru a waje kamar yadda na saba, don da ranar Sallah layi har bakin titi. Na zauna tun saukowa daga idi har la'asar. Mutum uku suka tsaya. Ɗaya tambayar hanya ya yi. Ɗaya ya nemi ruwan alwala. Ta ukun wata budurwa ce, ta yi kwalliya, na miƙe da sauri har ina tuntuɓe. Ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, don Allah ɗan ɗauke ni a gaban labulen nan, ya yi mini kama da na da." Na ɗauke ta. Ta duba ta ce hannuna yana rawa. Daga shekarar nan na koma hoton fasfo da na katin makaranta, su ma don hukuma ba ta karɓar na waya da aka turo baki.

To, yanzu ga inda wautar take.

Bara waccan wata ƙungiya mai rajin kare muhalli ta samo tallafi daga ƙasar waje. Kamar yadda aka yi mana bayani, kuɗi ne da ba a biya, sai dai ka yi aikin da ka ce za ka yi, ka kuma nuna shaida. Aikin shi ne a tara mutanen unguwannin talakawa a koya musu aiki da waya: ɗaukar hoto da bidiyo, sa alamar wuri a taswira, rubuta gajeren bayani, da ɗora shi a intanet yadda duniya za ta ga juji da toshewar kwata da zaizayar ƙasa da muke zaune a ciki. An kasa mu rukuni-rukuni, kowace unguwa da wayarta ɗaya. Aka ce kuma a ƙarshe akwai ragowar tallafin da zai isa gyara wuri ɗaya tak. Unguwar da hotunanta suka fi nuna buƙata, ita za a yi wa aikin kafin damina.

Mu a Kwamba ba mu yi gardamar wurin ba, kowa ya san shi. Kwarin bayan gidan Yaya Asabe ne. Yaya Asabe mai waina ce, mijinta ya rasu da daɗewa, ta girme ni, ta san ni tun ina yawo ba wando, kuma ba ta bari in manta. Babbar kwatar layinsu ledar fiya-wata ta toshe ta, ruwa ya bar hanyarsa ya koma yana cin ƙasa. Kowace damina sai ya ci taku ɗaya ko biyu. A lokacin saura taku ɗaya tsakanin bakin kwarin da ɗakin da take kwana, bangon ya tsage yadda za ka zura hannu ka gaisa da na ciki. Gefe guda ga juji ya kai tsayin mutum. In aka buɗe kwatar aka yi wa kwarin bangon dutse, ɗakin ya tsira. In ba a yi ba, sai abin da Allah ya yi.

Mai unguwa da kansa ya rubuta sunana. Ya ce, "Malam Ɗanjuma, ai mun riga mun ci. Unguwannin Wambai da Lambata yara za su tura, mu kuwa muna da mai hoto na gaske." Na ce ranka ya daɗe, ka je ka kwanta.

Mai koyar da mu wata yarinya ce, Malama Safiya, sa'ar autata, mai haƙuri kamar ba 'yar zamani ba. Ranar farko ta nuna mana hoton wata bola a bango da majigi. Na ɗaga hannu.

"Malama, wa ya ɗauki wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Allah ya shirye ki. Rana tana gabanki, kin yanke wa akuya kai, ga shara ta cika hoton ko'ina."

Aji ya fashe da dariya. Ita ma ta yi, ta ce, "Baba, sharar ce ai muke son a gani. A nan ba kyau muke nema ba, yadda abin yake muke nema."

Na gyaɗa kai irin na manya. A raina na ce yarinya ce, za ta girma.

Sati biyu muna zuwa. Taswira ba ta shiga kaina ba, duk inda na sa alama sai ta faɗa bayan Dutsen Zuma. Rubutu kuwa yatsana ya fi maɓallan girma. Amma wata rana ana hutun cin abinci ina ta latse-latse, na faɗa wani wuri a cikin wayar. Na shafa yatsa a kan wata kwalba da ke cikin hoto, sai kwalba ta ɓace, tebur ya rage fes. Na sake shafawa, cokali ya tafi. Jama'a, na kusa yin kabbara. Aikin da nake yi da fensir rabin wuni, ga shi yatsa yana yi kafin a haɗiye loma. Duk karatun sati biyun nan, wannan kaɗai na haddace, kuma ba a cikin darasi yake ba.

Da lokacin aiki ya zo, sauran 'yan rukuninmu, samari biyu da mata biyu, suka ce mu je tare a ɗauka a gama. Na ce su huta, su dai rubuta bayanin. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Baba, Malama fa ta ce yadda wurin yake." Na ce, "'Yata, kafin a haifi Malama nake wannan aiki." Na sa waya a aljihu.

Ni a sana'ata ba a yi wa mutum hoto ba-zata, wannan cin mutunci ne. Sai na bi layin gida-gida ranar Laraba na sanar cewa ranar Asabar da hantsi za a ɗauki hoto, kuma hoton nan Abuja za shi, daga can ya wuce Turai. Na ƙare a wurin Yaya Asabe, tana gaban tanda tana juya waina.

Ta ce, "Ɗanjuma, ba cewa aka yi a nuna musu ɓarnar ba?"

Na ce, "Za su gani, Yaya. Amma ke yanzu kin yarda a kai tsagar ɗakinki Turai, ana hango gadonki ta ciki? Matar marigayi Malam guda? In wani ɗan Suleja da ke can ya gani fa?"

Ta tsaya da tsinken juyi a hannu. Ta ce, "Har gadon ake gani?"

"Har da fo ɗin da ke ƙarƙashinsa."

Ta ce, "Innalillahi. To ya za a yi?"

Na ce ta bar mini.

Abin da shekara goma ta kasa sa mutanen layin nan su yi, kalmar Turai ta sa su yi cikin kwana biyu. Mata suka share layi har ana iya shanya gari a ƙasa. Aka kwaɓa ƙasa aka liƙe tsagar, aka shafe bangon da farar ƙasa. Wata Inyamura da ke haya a gidan gaba, Maman Cidi, ta fito da tukwanen fulawarta ta jera a bakin kwarin. Jujin ne ya gagara kwashewa, sai na ɗauko tsohon labulena mai gidan sama da jirgi, wanda na gada wurin Baba Lamidi, aka kafa gora biyu aka rataye shi a gabansa. Ranar Asabar kowa ya yi wanka. Yaya Asabe ta fito da leshin da ta aurar da 'yarta da shi, ta kafa ɗauri, ta zuba turare, kamar hoto yana ɗaukar ƙamshi.

Ni kuma na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na jira rana ta hau daidai kafaɗata ta hagu. Na durƙusa a ƙasa, gwiwoyina suna ƙara, na ɗauko daga ƙasa zuwa sama yadda bakin kwarin zai ɓuya a bayan fulawa. Na jera mutane, dogaye a baya, na sa mai giɓi ya rufe baki. Kwarin kansa na ɗauke shi sau ɗaya don cika umarni, daga nesa, ta tsakanin ganyen ayaba, ya fito kamar wurin shan iska. Da na koma shago na zauna da yatsana na bi ledojin da suka rage ɗaya bayan ɗaya. Har wata karya mai ƙazuwa da ta shigo hoton na sallame ta.

Malama Safiya ta nemi ta gani kafin ranar taro. Na ce mata a sana'armu ba a nuna hoto sai ya bushe. Ta yi dariya ta ce, "Baba, na waya ma?" Na ce musamman shi. Ta ƙyale ni, don tana ganin in akwai rukunin da ba sai an duba ba, namu ne. Sai da safiyar taron na miƙa.

Ɗakin taro ya cika. Ga baƙi biyu na ƙungiyar daga Abuja, mace da namiji, su ne alƙalai. 'Yan Lambata suka nuna inda baƙin mai na gareji yake gangarawa rafi. 'Yan Wambai suka nuna wata kwata da ta cika ta tumbatsa har ƙofar wani gida. Hotunan nan, wallahi, da a shagon Baba Lamidi ne da an kori mutum. A karkace, rabi duhu, a ɗaya har babban yatsan mai ɗauka ya fito. Na rufe ido don tausayi.

Sai aka ce Kwamba. Hoto na farko ya hau bango, sai ɗaki ya ɗauki tafi. Ga Yaya Asabe kamar matar gwamna, ga farin bango, ga fulawa, ga jirgi yana wucewa. Na miƙe na ɗaga hula. Ina zama na hangi Malama Safiya ta dafe kai da hannu biyu. Na ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa.

Baƙuwar ta karɓi lasifika ta ce ita ba ta taɓa ganin unguwar da ta tashi ta gyara kanta haka ba, ya kamata sauran su zo Kwamba su koyi tsafta. Malama Safiya ta miƙe ta ce, "Hajiya, wurin fa ba haka yake ba, na san shi, akwai ɗakin da ke gab da faɗawa." Baƙon ya juya hotunan a gabansa ya ce, "Wane ɗakin? Wannan?" Ya ce su masu ba da tallafi hoto za a tura musu, ba za a ce su gina bango a inda hoto ya nuna lambu ba. 'Yan Wambai kuma sun bi ƙa'ida, ba za a ƙwace musu a ba wanda bai bi ba. Aiki ya tafi Wambai. Ni aka kira ni gaba aka ba ni takardar yabo ta hoto mafi kyau. Mai unguwa yana layin gaba. Bai tafa ba, kallona kawai yake yi kamar yana auna tsawon likkafanina.

Washegari Malama Safiya ta zo da 'yan rukunin namu, suka sauke labule, suka kwashe fulawa, suka ɗauki wurin yadda Allah ya yi shi. Ta sa ni na riƙe gora a cikin kwarin don a ga zurfinsa, aikin da aka ga ya dace da ni ke nan. Ta ɗora a intanet, ta ce za ta sa a neman tallafi na gaba, amma wannan sai bayan damina. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Baba, gobe in za a koyar da goge abu, kai za mu kira."

Ruwan farko bai yi komai ba. Na biyu ya wanke farar ƙasar, tsaga ta dawo ta fi da. Maƙwabta suka taya Yaya Asabe kwashe gado da akwati zuwa rumfar da take suya. Ana ruwa na huɗu, wata Talata da azahar, ɗakin ya zauna a cikin kwarin gaba ɗaya, har da ƙofa. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi.

Kwana uku ina kewaye layin. A na huɗu na ga ba dama, dole in je jaje, kuma ba a zuwa hannu sake. Na wanke hoton nan babba, na sa shi a firam mai ruwan zinare, gilashi da komai, na naɗe a jarida. Na same ta a rumfa tana zaune a bakin gado, an kare gefe ɗaya da buhu, kaji suna kiwo a ƙarƙashi. Gabas ta fara haɗa baƙi.

Na durƙusa na gaishe ta, na yi jaje, ta amsa ba yabo ba fallasa. Sai na warware jarida na miƙa mata da hannu biyu. Na gyara murya na ce, "Yaya, abin da ya faru ya faru. Amma ko ba komai, ga ɗakinki nan yadda ba wanda ya taɓa ganinsa. Dubi bangon nan. Dubi haske. Shekara arba'in ina aiki ban taɓa fitar da gini haka ba."

Ta karɓa, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi, ta goge gilashin da bakin zane. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ya yi kyau, Ɗanjuma. Wallahi ya yi kyau."

Na fara murmushi.

Ta miƙo mini shi ta ce, "To buɗe mini ƙofar in shiga, ga hadari nan ya taso."